Tsumman Mai Riƙon Igiya

Jiya da hantsi saƙon 'yata Leonie ya shigo wayata. Tana gyaran ɗakin ajiya a gidanmu na garin Broome da ke bakin teku, ni ina baranda, don ta hana ni ɗaga komai.

"Baba, na ga wani tsohon tsumma a gwangwanin shayi. Wari yake. In jefar?"

Na rubuta mata, "A'a."

"Na mene ne?"

"Ajiye."

Ta aiko da fuska mai dariya, ta ce ni da dutse uwarmu ɗaya. Taku goma ne tsakanina da ita, amma haka 'ya'yan yanzu suke magana. Tun da ta zo duniya ban taɓa ba ta labarin tsumman nan ba. Yau zan ba ku, ita ma ta karanta a nan tare da kowa. Ba na son tambayoyi a ƙasan rubutu. Wanda ya ga laifina ya riƙe a ransa.

Sunana Ramli. Ubana daga Kupang, can ƙetaren teku, ya zo a jirgin masu nutso, uwata 'yar nan ce. Shekara uku na yi a makaranta na fita. Ina goma sha biyar na hau jirgi, ina ashirin da biyu na zama mai riƙon igiya. Mai nutso yana ƙasan teku cikin kwalkwalin tagulla yana tsintar kawa, wato irin dodon koɗin teku mai lu'ulu'u a ciki, kai kana sama, igiyar ransa a hannunka, tiyon iskarsa a gefen ƙafarka. In ya ja igiya sau huɗu, yana nufin a fito da shi. Kafin ya sauka kuma, kai za ka goge masa gilashin kwalkwali, ba a bar wa wani. Ubana ya koya mini yadda ake yi: tsumman fata mai laushi, a ɗiga masa man kwakwa da ɗan sabulu, a murza har gilashi ya ɓace wa ido. Wanda aka goge haka ba ya gumi a ƙasa. Duk tashar Broome babu wanda ya kai ni. Da akwai sauran masu rai da na ce ku tambaya.

Shekara tara na riƙe wa Kawu Masao igiya. Sai zamani ya juya, aka kawo samari masu rigar roba da tabarau, aka jibge kwalkwali a bayan shago. Kawu Masao, wanda ciwon nutso ya riga ya shanye masa ƙafa ɗaya, ya koma dafa abinci a wata gonar lu'ulu'u, tafiyar kwana biyu a ruwa arewa da mu. Ni na bi shi, na kama aiki a jirgin tanki mai kai kawa da ranta gonar. Tsummana yana aljihu. Ba ni da abin gogewa, amma na kasa barinsa.

A 1976 kawa ta fara mutuwa. A loda ta lafiya lau, a iso gona, bayan mako guda baki ya buɗe, wari ya tashi. Manaja, Mista Pendry, ya ce ƙazantarmu ce, wai muna fitowa daga bayan gida mu taɓa tanki ba wanke hannu. A gabana ya faɗa. Na kalle shi har ya sauke ido. Washegari ya sauke ni daga jirgi ya ba ni kula da injin wuta.

A makon ne jirgin kaya ya kawo Glenys Harrop.

Doguwa ce siririya, rana ta ƙona mata hanci tun a hanya. Rigar auduga shuɗiya mai ƙananan fararen furanni, silifa na roba, gashi ɗaure da igiyar takalmi. Akwati uku ta zo da su, na ukun ba ta yarda kowa ya ɗauka ba. Daga Perth aka aiko ta ta gano abin da ke kashe kawa, aka ba ta wata uku. Ɗakin kwanon da ke kusa da injin wuta ya zama wurin aikinta. Tunda ni ke tada inji kowace asuba, aka ba ni makulli na biyu in riƙa ajiye mata ruwan tanki a kwalba.

Rana ta uku na makara, na same ta ciki. Na ajiye kwalba na juya.

"Kai ne Ramli?"

"Ni ne."

"An ce ba ka magana."

"Ga shi ina yi."

"To zo ka ga abin da kake ɗaukowa."

Ta ɗiga ruwa a ɗan fallen gilashi, ta kife shi ɗigon yana reto a ƙasa, ta sa a madubin likita. Na kanne ido ɗaya na leƙa. Da farko haske kawai. Can na gan su, ƙwayoyin halitta ƙanana kamar tsakin shinkafa, da ɗan lanƙwasa, suna gudu. Ɗaya ya harba gaba, ya dawo da baya a kan sawunsa, ya fizge kai gefe, ya sake harbawa.

"Me ka gani?" ta ce.

"Kwalekwale mai inji ɗaya a baya. Gaba, baya, sai ya karya."

Ta kalle ni. "Shekara uku na yi a makaranta kafin in iya faɗin haka."

"Ni ma uku na yi."

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Ni ban yi ba, don ba wasa nake ba.

Ta canja gilashi, ta sa ruwan da ta ɗebo daga kwatar bayan kicin. Waɗannan tafiyarsu daban. Su miƙe kaɗan, su tsaya su yi alkafura a wuri ɗaya, su miƙe wata hanya.

"Me ke tura su?" na ce.

"Wutsiya. Siririya ce ƙwarai, madubin nan ba ya ganinta. Kuma ba kaɗa ta suke yi kamar kifi ba. Kwanan nan aka gano juya ta suke yi, kamar farfela."

"Farfela ba ta juyawa sai da inji a gindinta."

"Akwai shi. A cikin fatar jikinsu yake."

"Ƙarya ne."

"Ni ma haka na ce ranar da na karanta."

Ta jawo takardar buhun sukari ta zana mini da fensir. Wani wutsiya ɗaya gare shi a ƙarshe. Wani tuntu guda a wuri ɗaya kamar gemun bunsuru. Akwai mai ita gaba da baya. Na kwata kuwa ko'ina a jikinsu gashi ne.

"Mai farfela ko'ina ina za shi?" na ce. "Ai wuri ɗaya zai yi ta juyi."

"In duk suka juya hannu ɗaya, sai su nannaɗe su zama igiya guda a bayansa, ya miƙe. In suka juya ɗaya hannun, igiya ta warware, ya yi alkafura, ya fuskanci inda ya samu kansa."

"Ba matuƙi ke nan."

"Babu. Amma in ya ji ruwan gabansa yana ƙara daɗi, sai ya jinkirta alkafurar. In ya ji yana lalacewa, ya yi ta da wuri. Da haka yake isa wurin abinci, alhali bai taɓa sanin inda abincin yake ba."

Sannan ta gaya mini abin da ya kawo ta. Na cikin ɗan adam da na kwata galibi masu gashi ko'ina ne. In mai wutsiya ɗaya ke kashe kawa, to ɗan teku ne, ba hannunmu ya kawo shi ba. Idonta ya ce shi ne. Amma Pendry da manyanta na Perth ba za su karɓi shaidar ido ba. Sai ta rina wutsiyar, rini ya hau kanta ya yi kauri kamar gansakuka a igiyar da ke tsayar da jirgi a ruwa, kowa ya gan ta a gilashi ya ƙirga.

Na fita. Amma daga ranar tafiyata a sansanin ta koma irin ta na kwata. In nufi tasha, in juya. In nufi kicin, in juya. In na doshi ɗakin kwano sai ƙafa ta ƙi juyawa.

"Ɗan nan," in ji Kawu Masao, yana yanka kifi bai ɗago ba, "injin wuta ba shi da lafiya ne? Sau biyar ka duba shi yau."

"Tari yake."

"Ni ban ji ba. Amma madalla, likita na kusa."

Ita kuwa tare da mu take cin abinci, ba a teburin manaja ba. Ranar farko da ta ɗanɗani yajin Kawu da busasshen jatan lande, hawaye ya wanke mata fuska, ta miƙa kwano a ƙara. Ba a taɓa yi wa Kawu haka ba. Tun daga nan yake ɓoye mata mangwaro a cikin tukunyar shinkafa da ba a amfani da ita.

Yanzu ga laifin.

Kowace yamma takan wanke fallayen gilashinta, ta jiƙa su a kwalbar sifirit, ta ciro goma sha biyu ta jera a kan waya, ta kife kwano a kai su bushe kafin safe. Wata asuba na shiga ajiye ruwa, na ɗaga kwanon. Sun bushe, amma ba sa ƙyalli. A idona rabin aiki ne. Na tsaya ina kallonsu. Ban iya daɗin baki ba, ban iya rawa ba, ba ni da komai sai riga biyu da zane ɗaya. Abu guda na iya a duniya.

Na ciro tsumma.

Na riƙe kowanne ta gefe kamar yadda na ga tana yi, na murza har ya ɓace wa ido. Goma sha biyu. Na mayar da su yadda suke, na kife kwano. Na fita ina jin abin da ban ji ba tun ranar da aka ajiye kwalkwali. Ban gaya mata ba. Mai riƙon igiya ba ya cewa na goge maka gilashi. Mai nutso ya sauka ya gani tar, ita ce godiyar.

Mako bakwai ina yi, ban tsallake asuba ɗaya ba.

Rini ya ƙi kamawa. Ta tace ruwan sama sau biyu. Ta zubar da rini ta haɗa sabo. Ta ja tebur nesa da hayaƙin inji. Ta fara sa safar hannu a wannan zafin, har yatsunta suka yi ƙuraje. Ni ba na shiga in tana aiki, abin da nake ji a bakin mutane kawai shi ne gilashin likita ba ya ba ta haɗin kai. Da na ji haka sai na ƙara wa tsumma mai. Allah shi ne shaida.

Jirgin kaya duk mako biyu yake zuwa, kuma ba ya rasa shuɗin ambulan daga uwarta. Takan karanta mana a tebur, ta maƙe murya ta ɗaga hanci.

"Glenys, Clive ya sake zuwa cin abincin Lahadi. Ya buɗe kantin magani na biyu. Ya ce akwai wuri a bayan kanta ga mace mai ilimin kwalabe. Shekarunki ashirin da bakwai. 'Yar Misis Dunstan da kuka yi aji ɗaya goyonta na uku ke nan. Ki riƙa sa hula."

"Shi wannan Clive," in ji Kawu, "mai wutsiya ɗaya ne ko mai gashi ko'ina?"

"Ba ya motsi sam, Kawu. Akwai irinsu. Suna zaune sai ruwa ya kawo musu."

Aka yi dariya. Amma wasiƙa ta huɗu ba ta karanta mana ba. Ta ninke ta ta sa a aljihun farar rigar aiki, ta ce wa kwanonta, ba mu ba, "Na yi mata alkawari. In na koma ba komai a hannu, na bar aikin nan, in ba Clive amsa."

Ranar Litinin ta makon ƙarshe Pendry ya ce ya gaji. Jirgi zai zo Alhamis, za ta bi shi, shi kuma zai rubuta wa Perth cewa an aiko masa yarinya ba ta iya ba. Da yamma ta zauna ba ta taɓa abinci ba.

"Ci, 'yata," in ji Kawu.

"Abin da ban gane ba ke nan, Kawu. In gilashi yana da tsabta, ɗigon gangarawa yake ya shimfiɗu, wutsiyoyin su kwanta a miƙe. Nawa dunƙulewa yake kamar ruwa a ganyen gwaza. Su tattare su karye, rini ya bi ya yi dabbare-dabbare. Da hannuna nake wankewa. Sai ka ce wani ke bi yana shafa musu mai. Ko ƙanshin mai ya isa ya ɓata aikin."

Cokali ya tsaya mini tsakanin kwano da baki. Kawu bai kalli fuskata ba. Aljihuna ya kalla.

Na ce a raina, shiru ma magani ne. In daina kawai, gobe rini ya kama, kowa ya huta, ba wanda ya sani. Talata da asuba na shiga, hannuwana a baya. Na ɗaga kwano da yatsa ɗaya. Babu komai a kan waya. Akwati na uku yana ƙasa a kulle, an ɗaure shi da igiya. Ta daina gwadawa.

Na sami Kawu a bakin tasha yana fere kifi.

"Shekara tara ina shaƙar warin kwakwar nan a ƙasan teku," ya ce. "Makon jiya na kai mata shayi na ji shi a ɗakinta. Na ce ko hancina ne ya tsufa."

"Alheri na nufa."

"Na sani."

"In na faɗa, duk sansanin nan za su yi mini dariya har in mutu."

"Za su yi."

"Ita kuma ba za ta sake kallona ba."

"Wataƙila." Ya wurga wa tsuntsaye hanji. "Ramli, ban taɓa jin tsoro a ƙasa ba in kai ke sama. Yau yarinya tana ƙasa iska na ƙare mata, kai ka taka tiyo, kana tsaye kana tunanin wa zai yi maka dariya."

Wuni guda na yi ina zagaya sansani. Ku da kuke karantawa za ku ce me ya hana ni tafiya nan take. Ba ku san ni ba. Ban taɓa ce wa ɗan adam na yi kuskure ba, ko ubana.

Laraba da safe na yi wanka, na sa farar rigar da nake zuwa jana'iza da ita. Na same ta zaune a kan akwati cikin shuɗiyar rigar da ta zo da ita, takarda a cinya tana rubutu. Na ajiye tsumma a tebur.

"Mene ne wannan?"

"Tsumma."

"Na gani."

"Da shi nake goge miki gilashi. Kowace asuba. Akwai man kwakwa a jiki."

Ta ajiye alƙalami. Ta ɗauki tsumman ta kai hanci, ta mayar a hankali.

"Tun yaushe?"

"Mako bakwai."

"Wa ya sa ka? Pendry?"

Wannan ta fi mari zafi. Na ce, "Ba na yi wa Pendry aiki da tsumman nan. Mutum biyu na taɓa goge wa gilashi da shi. Kawu Masao, da ke."

Ta ɗaga hannuwanta ta kalle su.

"Ka san sau nawa na zauna ina kallon hannuwana ina cewa ba su iya komai ba?"

"Ban sani ba."

Ta ɗaga takardar. "Ka san me nake rubutawa? Ina ce wa uwata ita ke da gaskiya."

Ta nuna mini ƙofa.

"Fita."

Na kai ƙofa.

"Tsaya. Kwance akwatin nan. Ka tada inji, ka tafasa mini ruwa. In ka gama ka sa hannuwanka a aljihu, kada in ga sun fito."

Haka na tsaya a kusurwa tun hantsi, hannu a aljihu kamar ɗan makarantar da aka hora. A ranar na ga aikin da nake ɓatawa. Ta ciro gilashi daga sifirit da ɗan awartaki, ta gifta shi a wuta, ba ta bari yatsa ya taɓa shi ba. Ta ɗebo ƙwayoyin da ta samo daga cikin matacciyar kawa ta yi rainonsu, da bakin waya, ta tsoma a ɗan ruwa, ta zauna.

"Ba za ki dama ba?" na ce.

"Kai komai sai an murza? Ba a damawa, ba a girgizawa. Wutsiyar karyewa take. Barinsu ake yi su fito da kansu."

Muka jira. Sannan ta karkata gilashi, ta ajiye ɗigo ɗaya a sama. Ya gangara, ya shimfiɗu har ƙasa, bai dunƙule ba. Na ji ta saki numfashi. Ta bar shi ya sha iska, ta zuba rini tana kallon agogo. Na farko rini bai isa ba. Na biyu ya yi yawa. Na uku kuda ya sauka a kai, ta zagi kudan da kalmar da ban san matan Perth sun sani ba. Kawu ya kawo shayi ya ajiye a ƙofa ya koma.

Na huɗu ta sa a madubi, ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta matsa gefe.

"Ido kawai. Ban ce hannu ba."

Na sunkuya. Ga su kwance jajaye, ba motsi. Daga ƙarshen kowanne zare ɗaya ya fito, dogo, ya fi jikin sau uku, yana lanƙwasa a hankali kamar igiyar mai nutso in ruwa na janta. Na duba wani, ɗaya. Na duba wani, ɗaya. Mako bakwai abin nan yana nan, ni ke rufe shi.

"Inji ɗaya a baya," na ce.

"Ɗan teku ne. Tanki ne ya cika, ruwa ya daɗe, suka yi yawa. Ba hannunku ba ne."

"Hannuna ne dai."

"Wannan wata shari'a ce. Ba a yanke ta ba."

Ta yi na ruwan kwata ma, ta kira Pendry. Ya leƙa na farko ya ce ko gashin buroshi ne. Ta sa masa na biyun, mai gashi ko'ina kamar gizo-gizo, ta ce ya ƙirga na kowanne da kansa. Ya daɗe yana kallo. Da zai fita ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, in koma jirgi. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Sai dai abin da na guda shi ya same ni. Gilasan nan ba a ba wa ɗan aike, ita za ta kai su Perth da hannunta. Alhamis ta tafi.

A tasha mutane suna nan reras, labari ya riga ya zaga. Wani ya ce, "Ramli, zo ka goge mini tabarau." Wani ya miƙo kofin shayi. Ban juya ba. Ta tsaya a bakin tsani, akwati na uku a ƙirji.

"Ba ni tsumman."

"Me za ki yi da shi?"

"Shaida ne. Ba a barin shaida a hannun mai laifi."

Na ba ta. Ta sa a ambulan ta liƙe.

"Za ki dawo?"

"Ni irin na kwata ce, Ramli, ba ni da matuƙi. In ruwa ya yi daɗi in miƙe, in ya lalace in juya."

"Nan fa?"

"Nan warin kwakwa yake."

Ta sauka. Ba ta ɗaga hannu ba.

Muka rage kawa a tanki, muka riƙa canja ruwa a hanya kamar yadda ta rubuta, mutuwa ta yi sauƙi. Jirgin kaya ya zo sau uku, ba ita, ba wasiƙa. Duk ranar jirgi nakan sa farar riga. Kawu ya ce in na ci gaba mutane za su ɗauka duk mako biyu ake yi mini rasuwa. Mangwaron da ya ɓoye a tukunya ya ruɓe, ya zubar ya sa wani.

Jirgi na huɗu ya iso ruwa ya janye, tsani ya yi tsawo. Na duba saman jirgin tun daga nesa, babu doguwa. Wata gajerar mata ce ta fara hawowa, da hula mai fure, da farar safar hannu, jaka a hannu ɗaya, laima a ɗaya. Mutum uku suka miƙa mata hannu, ta ƙi. Ta hau da kanta, ta tsaya ta gyara hula, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kifi. Hancin na gane, na Glenys ne, shi ne kuma a fuskar Leonie yau.

Ta buɗe jaka, ta ciro ambulan, ta zaro tsummana da yatsa biyu ta ɗaga shi nesa da jikinta.

"Ni ce Misis Harrop. 'Yata ta ce wa mai kantin magani biyu a'a, kuma da na tambayi dalili, wannan ƙazamin abu ta ajiye mini a teburin cin abinci. Na ce ba inda za ta sai na ga mai shi da idona. Wane ne a cikinku?"

Mutanen da suka wuni suna yi mini dariya duk suka ja da baya tare, suka bar ni tsaye cikin rigar jana'iza. Kawu Masao ya matso kunnena.

"In ka ji wuya, ɗan nan, ja sau huɗu."

Na yi taku ɗaya gaba, hannuwana a aljihu.

"Ni ne."

Ta dube ni daga silifa har gashi. Ta rataya laima a hannu, ta cire safa ɗaya, yatsa bayan yatsa.

"To," ta ce. "Fito da hannuwan daga aljihu in gani."